AMSOSHIN TAKARDUNKU: Wane Ne Jimi Hendrix, Me Ya Sa Har Yau Ake Makokinsa?

Takardar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, falken albasa daga yankin Galmi cikin Jamhuriyar Nijar. Ya ce yaran motar da ke ɗaukar masa kaya ba su da abin saurare sai kiɗan jita na Abzinawa, kuma ya sha jin ana yi wa ɗaya daga cikin makaɗan nan kirari da Hendrix na Sahara. Shi ne yake tambaya, shin wane ne Hendrix ɗin? Ba'abzine ne ko Bature? Yana da rai? Ya ƙara da cewa wani ɗan boko ya gaya masa wai kashe shi aka yi, wai kuma har gobe akwai masu zuwa kabarinsa suna zubar da hawaye. Yana so mu warware masa zare da abawa.

To Malam mai albasa, mun gode da takardarka. Jimi Hendrix dai ba Ba'abzine ba ne, ba kuma Bature ba. Baƙar fata ne ɗan Amurka, daga zuriyar bayin da aka kwasa daga Afirka, kuma ya mutu tun cikin 1970 yana da shekara 27 kacal. Shekara huɗu rak ya yi yana tashe. Batun masu kuka a kabari gaskiya ne. Batun kisa kuwa, za mu zo kansa. Amma gyara zama, domin a labarin nan akwai wani ɓangare da ya shafi sana'arka fiye da yadda kake zato, watau maganar ciniki da sa hannu a takarda.

An haife shi ran 27 ga watan Nuwamba, 1942, a birnin Seattle, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ubansa Al Hendrix yana soja, kuma ba a ba shi izinin zuwa ganin jaririn ba. Sai da yaron ya shekara uku sannan suka ga juna. Gidan ba daɗi: ga talauci, ga giya, ga faɗa tsakanin miji da mata ba dare ba rana. Ƙannensa uku ma hukuma aka miƙa wa riƙonsu. Auren ya mutu cikin 1951, uwar kuma, Lucille, ta mutu cikin Fabrairu 1958 yaron yana da shekara 15. Masu rubuta tarihinsa sun ce uban bai kai shi jana'izarta ba. Ka riƙe wannan a ranka, za mu komo kansa.

Tun yana firamare aka lura yaron nan ba ya rabuwa da tsintsiya mai dogon mariƙi, yana rungume da ita yana kaɗawa kamar abin kiɗa. Wata rana yana taya ubansa kwashe tarkace a gidan wata tsohuwa, sai ya tsinci wata 'yar ƙaramar jita wadda tsirkiya ɗaya tak ta rage mata. Kada ka raina tsirkiya ɗaya; kai ma ka san abin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntigi. Da ita ya fara bin waƙoƙin da yake ji a rediyo, da kunne kawai, don har ya mutu bai iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa ba. Cikin 1958 ya samu jita ta sosai a kan dala 5, shekara ta zagayo uban ya saya masa mai lantarki.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, jita 'yar'uwar garaya ce da molo, sai dai tsirkiyarta shida. Mai lantarkin kuwa ba ta da ƙoƙon da zai ba da amo. Waya ake jona mata zuwa wani akwati mai ƙara sauti, daga nan sai lasifika. Shi Jimi bahago ne, jitar bahagwai kuwa tana da wuyar samu a lokacin, saboda haka sai ya riƙa ɗaukar ta 'yan dama ya juya ta sama a ƙasa, ya sake jera tsirkiyoyin. A yawancin hotunan da za ka gani nasa, haka jitar take a kife.

Karatu bai yi nisa ba. Cikin 1961 'yan sanda suka kama shi har sau biyu cikin motar sata, aka ba shi zaɓi: ko kurkuku ko soja. Ya zaɓi soja, aka sa shi cikin masu dirowa daga jirgin sama da laima. Shekara guda ya yi aka sallame shi, don hankalinsa ba ya kan bindiga. Daga nan ya shiga yawon kiɗa a gidajen rawa na baƙaƙe a kudancin Amurka, inda a zamanin baƙar fata ba ya cin abinci inda Bature ke ci, ba ya kwana inda yake kwana. Yaron kiɗa ne kurum, yana tsaye a baya yana yi wa manya amshi da jita. Ya bi Isley Brothers, ya bi Little Richard, wanda a wurinsa aka kore shi saboda latti da kuma janye hankalin 'yan kallo daga kan maigida. A wannan yawo ne ya koyi kaɗa jita da haƙori da kuma ta bayan wuya, irin abin da ke sa taro ihu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Cikin watan Oktoba 1965, a birnin New York, Jimi yana cikin halin babu, jitarsa ma wani lokaci sai ya kai ta jingina kafin ya ci abinci. Sai wani ɗan kasuwar faifai mai suna Ed Chalpin ya miƙo masa takarda: shekara uku duk abin da ya ɗauka a faifai na kamfanin Chalpin ne. Ladan sa hannu dala ɗaya. I, dala ɗaya, ba kuskuren ɗab'i ba ne. Sai kuma kwabo ɗaya cikin kowane kwabo ɗari na ciniki. Ya sa hannu ya wuce abinsa. Duk manomin da ya taɓa karɓar bashi da damina a kan zai biya da hatsi in kaka ta yi, ya san irin wannan ciniki. Ranar karɓa ba ka jin nauyinsa, sai ranar da mai bashi ya iso bakin masussuka da buhunansa. Bambancin kawai, shi Jimi bai san irin yabanyar da gonarsa za ta yi ba.

Cikin 1966 wani Baturen Ingila, Chas Chandler, wanda shi ma makaɗi ne da ke neman komawa manaja, ya gan shi yana wasa a wani ɗan kulob a New York. Ya lallashe shi ya tafi da shi Landan, suka sauka ran 24 ga Satumba. Aka haɗa shi da samari Turawa biyu, Noel Redding da Mitch Mitchell mai ganga. A lokacin sarkin jita a Ingila shi ne Eric Clapton, wanda samari ke rubuta sunansa a bangon titi. Mako guda da saukar Jimi, ran 1 ga Oktoba, ya roƙi a bar shi ya hau dandali tare da su Clapton. Ana cikin waƙa ɗaya Clapton ya sauke hannu ya koma gefe, don abin ya fi ƙarfinsa. Maimakon gaba, sai abota ta ƙullu tsakaninsu.

To me ya yi wa jitar da ba a taɓa yi ba? Bari in kwatanta maka da abin da ka sani. A wurin biki ko taron siyasa, in mai magana ya matso da makirfo kusa da lasifika, ai ka san wannan ƙara mai tsaga kunne da ke tashi, kowa ya toshe kunne, mai injin ya ruga ya rage. Wannan ƙara da kowa ke gudu, ita Jimi ya kama ya sa wa linzami. Yakan jera akwatunan sauti kamar buhuna a sito, ya buɗe su har ƙarshe, sannan ya riƙa matsawa kusa da su yana ja da baya, yana lanƙwasa ƙarar yadda ya so. Akwai kuma wata na'ura da yake takawa da ƙafa wadda ke sa jitar ta yi kamar mutum na buɗe baki yana rufewa. In ka taɓa jin gwanin kalangu ya matse tsirkiya a hammata har ka ji sunan mutum ya fito ɓaro-ɓaro daga fata, to ka kama hanyar gane abin. Amma a ƙarƙashin duk wannan hayaniya, kiɗan baƙaƙen kudancin Amurka ne da ake kira blus, kiɗan baƙin ciki da haƙuri wanda ya gada daga manyansa.

Cikin 'yan watanni waƙoƙinsa suka mamaye Ingila. Ran 18 ga Yuni 1967 ya koma ƙasarsu, wurin wani babban bikin kiɗa a Monterey ta jihar Kalifoniya. Da ya gama wasa sai ya durƙusa, ya tsiyaya wa jitarsa mai, ya ƙyasta ashana. Hoton nan ya zaga duniya. Mutumin da ya bar Amurka ba wanda ya san shi, ya dawo kowa na son ganinsa. Faifai uku ya yi da wannan ƙungiya, na ukun ya zama na ɗaya a kasuwar Amurka cikin 1968, kafin 1969 kuwa babu makaɗin rok da ake biya kuɗin wasa kamarsa.

Nan ne fa mai takardar dala ɗaya ya ɓullo. Chalpin ya kai ƙara kotu, ya kuma shiga fitar da tsofaffin kaɗe-kaɗen da Jimi ya yi yana yaron wani, da sunan Jimi da hotonsa a jikin kwali. Kafin a kashe wutar a Amurka sai da aka yarda Jimi zai yi faifai guda sukutum a ba su. Shi ne wanda ya fito cikin 1970 da sunan Band of Gypsys. Ko da hakan shari'ar ba ta ƙare ba. Wata tana jiransa a kotun Landan a makon da ya mutu.

Abin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne bikin Woodstock na watan Agusta 1969. An yi shi ne a gonar wani mai kiwon shanun madara a jihar New York, mutum wajen 400,000 suka taru kwana uku cikin ruwan sama da taɓo. Jimi ne na ƙarshe, bai hau ba sai safiyar Litinin 18 ga wata, lokacin yawancin jama'a sun watse, saura dubu talatin zuwa arba'in. A lokacin Amurka na yaƙi a Biyetnam, tana da soja fiye da rabin miliyan a can, kuma tilas ake ɗibar samari. Yawancin waɗanda ke tsaye cikin taɓon nan, ko dai suna jiran takardar kira, ko suna da wa ko aboki a fagen fama. Sai Jimi ya ɗauko taken ƙasar Amurka da jita zalla, ba murya. Yana cikin bin taken sai ka ji jirgin yaƙi ya sauko, ka ji bam ya fashe, ka ji jiniya, ka ji kamar kururuwar mata, sannan ya komo kan taken kamar ba abin da ya faru. Bai ce uffan ba. Wasu suka ce ya ci mutuncin ƙasa. Da aka tambaye shi a talabijin, cewa ya yi shi Ba'amurke ne, tun a makaranta ake sa su rera taken, kuma a ganinsa abin ya yi kyau. A nawa ganin, Malam, in kana neman dalilin hawayen da aka yi bayan shekara guda, daga safiyar nan za ka fara nema. Samarin nan suna da magana a ciki wadda ba su san yadda za su faɗe ta ba, sai ga wani ya faɗa musu ita cikin minti huɗu.

A bayan fage kuwa mutumin ya gaji. 'Yan kallo na son ya ciji tsirkiya ya ƙona jita, shi kuwa ya ƙoshi da wannan, yana son ya zauna ya yi sabon kiɗa. Wasu baƙaƙe 'yan'uwansa suna yi masa kallon makaɗin Turawa. Cikin Mayu 1969 aka kama shi a filin jirgin saman Toronto ta Kanada da miyagun ƙwayoyi cikin jaka, ya yi wata bakwai da fargabar ɗauri kafin kotu ta wanke shi. Ya gina ɗakin ɗaukar faifai nasa na kansa a New York wanda ya lashe wajen dala miliyan ɗaya, har da bashi, saboda haka dole ya yi ta yawon wasa ko yana so ko ba ya so. Ga giya, ga ƙwaya, ga rashin barci. Ran 2 ga Satumba 1970 a ƙasar Denmak ya sauka daga dandali bayan waƙa uku. Wasansa na ƙarshe a gaban babban taro shi ne na ran 6 ga wata a wani tsibiri na Jamus, inda ma aka tarye shi da ihun ba-ma-so saboda jinkirin da aka samu.

Daren 17 ga Satumba ya kwana a ɗakin wata budurwarsa Bajamushiya a wani masauki da ke unguwar Notting Hill a Landan. Da safe ta same shi ba ya motsi. Aka kira motar asibiti da ƙarfe 11 da minti 18, likita ya tabbatar da mutuwarsa da ƙarfe ɗaya saura kwata na ranar Juma'a, 18 ga Satumba, 1970. Binciken gawa ya nuna amai ne ya shaƙe shi yana cikin nauyin maganin barci. Matar ta ce ƙwaya tara ya sha daga cikin maganinta da likita ya rubuta mata, alhali rabin ƙwaya ake sha. Watau ninki 18 ke nan. Magani ne mai ƙarfin gaske, ba kuma shi aka rubuta wa ba.

Yanzu ga tambayarka ta kisa. Alƙalin binciken mutuwa ya zauna ran 28 ga Satumba, ya ce babu isasshiyar shaidar da za ta nuna yadda abin ya auku, saboda haka ya bar hukuncin a buɗe. Wannan ƙofa da ya bari ita ce jita-jita ta shigo ta cikinta. Wani abokinsa mawaƙi ya fito a talabijin ya ce kashe kansa ya yi, daga baya ya janye maganar. Labarin matar ya riƙa sauyawa daga wannan hira zuwa waccan. Cikin 1993 'yan sandan Landan suka sake duba fayil ɗin, ba su samu abin kai kowa kotu ba. Cikin 2009 wani tsohon ma'aikacinsa ya rubuta littafi yana zargin manajansa Michael Jeffery, amma shi manajan ya riga ya mutu a haɗarin jirgin sama a Faransa tun 1973, ba kuma wata shaida da aka kawo ban da faɗar mai littafin. Saboda haka ka gaya wa ɗan bokon nan, zargi ne ya ji. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne ƙwayar barci da amai.

Labarin mutuwar ya bazu a yinin. Gidajen rediyo a Amurka da Turai suka shiga sa waƙoƙinsa, kafin ƙarshen shekara kuma wata waƙarsa ta zama ta ɗaya a kasuwar Ingila, matsayin da bai taɓa samu a can ba yana da rai. Shi kuwa Clapton, ashe ya yi sa'ar samun jitar bahagwai a wani kanti, irin wadda Jimi ya rasa yana yaro, ya saya ya tafi da ita wani gidan wasa a daren 17 ga wata don ya ba shi kyauta. Ba su haɗu ba. Washegari sai labari. Ya faɗa daga baya cewa yini ya yi yana kuka.

Aka kai gawar Seattle, aka yi jana'iza ran 1 ga Oktoba 1970, shekara huɗu daidai da daren da ya sa Clapton sauke hannu. Dattawa cikin masu karatu za su tuna ranar, don ita ce ranar da Nijeriya ta cika shekara 10 da samun mulkin kai, ita ce kuma ranar da miliyoyin mutane suka cika titunan Alƙahira wajen jana'izar Shugaba Gamal Abdul Nasir. Ta Jimi ba ta kama ƙafar wannan ba. Mutum ɗari biyu da 'yan kai ne a wata majami'a ta unguwa, dangi da abokan yarinta da makaɗa irin su Miles Davis, masoya kuma suna tsaye a waje. Aka binne shi a garin Renton kusa da Seattle, a makabartar da uwarsa take, wadda bai samu rakiyarta ba shekara 12 da suka wuce.

Kana iya cewa, to mutumin da ba danginka ba, bai san ka ba, bai taɓa ba ka ko ƙwandala ba, kukan me za ka yi masa? Ni ma sai in tambaye ka: ina kake cikin watan Yuni 1999 da aka ba da sanarwar rasuwar Alhaji Mamman Shata? Mutum nawa cikin waɗanda jikinsu ya yi sanyi a ranar suka taɓa gaisawa da shi? Muryarsa ce ta raka su gona, ta raka su kasuwa, ta zauna da su a bayan babbar mota daga Kano zuwa Legas. Da aka ce ya tafi, kowa ƙuruciyarsa ya tuna, da waɗanda suka saurara tare da shi da yanzu ba su. Haka abin yake ga masoyan Jimi, sai dai Shata ya tsufa ya gama faɗin abin da zai faɗa, shi kuwa wannan yana farawa ne. Har yau in masoyansa suka haɗu, rabin hirarsu a kan kiɗan da bai kai ga yi ba ne.

Abin ya daɗa yi musu nauyi domin kwana 16 bayansa mawaƙiya Janis Joplin ta mutu, cikin Yuli 1971 kuma Jim Morrison, dukansu suna da shekara 27. Da Kurt Cobain, wani makaɗin jita shi ma mai kaɗawa da hagu, ya harbe kansa a birnin Seattle ɗin dai cikin Afrilu 1994 yana da shekara 27, mutum wajen 7,000 suka taru zaman makoki a tsakiyar gari, sai camfi ya kafu cewa shekarar 27 tana cin mawaƙa. Ka ga Turawa ma ba a bar su a baya ba wajen camfi. Cikin 2011 wata mujallar likitoci ta Ingila ta buga binciken da aka yi a kan mawaƙa fiye da dubu, aka ga babu wani abu na musamman a shekara 27. Abin da aka gani shi ne shahararrun mawaƙa sun fi sauran jama'a mutuwa da ƙuruciya, a kowace shekara tsakanin ashirin da arba'in.

Masoya na kuka, 'yan kasuwa na lissafi. Jimi bai bar wasiyya ba, bai yi aure ba, saboda haka gado ya faɗa hannun ubansa, mutumin da sana'arsa gyaran lambun gidajen mutane ce, bai san kan cinikin faifai ba. Ya damƙa komai ga lauya, ya riƙa sa hannu inda aka nuna masa. Jimi ya bar ɗaruruwan sa'o'i na kiɗan da bai kammala ba, aka shiga tatsarsu ana fitarwa faifai bayan faifai, har suka ninka waɗanda ya yi da ransa sau da yawa. Cikin 1975 ma wani mai haɗa faifai ya goge kiɗan abokan wasansa na ainihi, ya ɗauko wasu makaɗa da ba su yi aikin tare da shi ba suka cike gurbin, aka sayar da sunansa. A kasuwarku wannan ai algus ake ce masa. Sai cikin 1993 tsohon ya farga cewa ana cinikin haƙƙin waƙoƙin ɗansa a kan miliyoyin daloli, kuma takardun da ya sa wa hannu sun nuna ba nasa ba ne. Ya kai ƙara. Kuɗin shari'ar ma sai da wani attajirin Seattle mai son kiɗan Jimi, Paul Allen na kamfanin Microsoft, ya ranta masa. Cikin 1995, shekara 25 bayan mutuwar, haƙƙin ya dawo gida.

Dawowarsa gida bai kawo zaman lafiya ba. Da Al ya mutu cikin 2002, an ƙiyasta dukiyar a kan dala miliyan 80. A dokar can mutum yana iya rubuta wasiyya ya ba wanda ya ga dama, ya hana wanda ya ga dama. Sai aka tarar ya damƙa ragamar ga Janie, agolar da matarsa ta biyu ta zo da ita ya mai da ita 'yarsa a hukumance, ya cire Leon, ƙanen Jimi da suka sha wahalar yarinta tare. Leon ya kai ƙara, cikin 2004 kotu ta tabbatar da wasiyyar. Jitar nan fara da ya kaɗa a Woodstock kuwa, an yi gwanjonta a Landan cikin 1990 a kan fam 198,000, daga baya ta koma wani gidan tarihi a Seattle.

Kabarin ma bai tsira ba. Da farko ɗan dutse ne shimfiɗe a ƙasa kamar na kowa. Masu ziyara suka yi yawa har suna tattake kaburburan maƙwabta, sai cikin Nuwamba 2002 aka tone shi aka mai da shi ƙarƙashin wata ƙubba ta dutse mai ginshiƙai uku a cikin makabartar. Nan ne ɗan bokon naka yake nufi. Mutane na zuwa daga ƙasashe daban-daban, musamman ran 18 ga Satumba da 27 ga Nuwamba, suna ajiye furanni da wasiƙu da ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi. Da yawansu ba a ma haife su ba lokacin da ya mutu.

Saura batun Sahara. Shi Jimi sau ɗaya ya taka ƙasar Afirka, wani ɗan hutu da ya yi a Maroko cikin Yuli 1969; bai zo Nijar ba. Kiɗansa ne ya zo, ta kaset da bidiyo. Bombino, ɗan yankin Agadas da aka haifa cikin 1980, ya yi gudun hijira zuwa Aljeriya da iyayensa lokacin tawayen 1990, kuma ya faɗa cewa shi da abokansa sun riƙa kallon bidiyon Hendrix suna kwaikwayon yatsunsa. Wanda aka fi yi wa kirarin da ka ji kuwa shi ne Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, watau maƙwabcinka ne. Shi ma bahago ne, shi ma jitarsa ta fari ba saya aka yi ba, da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta. Faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi cikin 2008, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya kafin Turawa su ji labarinsa.

Amma ka sani, kirarin nan 'yan jaridar Turai da Amurka ne suka raɗa, don su kwatanta wa mutanensu abin da suka ji. Mdou Moctar ya riga ya iya jita kafin ya san Hendrix sosai. Tushen kiɗansa na gida ne, irin su takamba da kiɗan jitar da Abzinawa suka ƙirƙiro a zaman gudun hijira, kuma wanda ya gani yana yaro har ya ji shi ma sai ya kaɗa, shi ne Abdallah Oumbadougou na Agadas, wanda ya rasu cikin Janairu 2020. In ka koma wurin lodi, tambayi yaran motarka ko suna da waƙoƙinsa a waya, su sa maka ka ji.